Gujon na kulas: yadda ake ɗaure kan injin motar da aka ƙara wa ƙarfi

Farin hayaƙi daga salansa, ruwan radiyata yana kumfa tun mota ba ta yi nisa ba, man inji ya koma launin shayi da madara. Duk direban da ya daɗe a kan hanya ya san waɗannan alamomi, kuma ya san hukuncin da bakanike zai yanke tun kafin ya gama buɗe kafo: juwan kulas ya ƙone. A motocinmu na yau da kullum yawanci zafi ne ke jawo haka, ko ruwa ya ƙare, ko fanka ta tsaya a tsakiyar watan Afrilu. Amma a motocin tsere da waɗanda aka ƙara wa injinsu ƙarfi, juwan yakan ƙone alhali radiyata cike take da ruwa, fanka kuma lafiyarta ƙalau. A can, ƙarfin wutar da ke tashi cikin silinda ne ke ɗaga kulas ɗin kansa daga mazauninsa.

Maganin da masu wannan sana'a a Amurka, Japan da Turai suka daɗe da runguma shi ne a cire bulon ɗin da kamfani ya sa, a maye gurbinsu da wasu sandunan ƙarfe masu noti da ake kira gujon, wato goujon a rubutun Faransanci. Yau duk mai kuɗi da waya yana iya sayensu ta intanet su iso shi cikin kwali. Sai dai ana samun injin da aka sa wa gujon mai tsada ya sake ƙona juwan cikin ƴan makonni, kuma idan aka bi diddigi, sau da yawa laifin na ɗaurin ne.

Tan shida a kan silinda guda

Ga wanda bai saba leƙa cikin inji ba, manyan sassansa biyu ne. Akwai bulok a ƙasa, mai ramukan silinda inda fiston ke hawa da sauka. Akwai kulas a sama, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira tof silinda, shi ne murfin da ke rufe ramukan, yana ɗauke da sufaf da buji. Tsakaninsu aka shimfiɗa juwan, faifai siriri da kaurinsa bai cika wuce milimita 2 ba, aikinsa raba abu uku da ba sa ga maciji da juna: wuta, ruwa da mai. Juwan ba shi da ƙarfin kansa. Yana tsare hanya ne muddin an matse shi sosai, kuma daidai wa daida a ko'ina, wannan matsi kuwa daga ƙarafan da suka ɗaure kulas da bulok yake fitowa.

A ɗauki injin 2JZ-GTE na Toyota Supra, samfurin da aka ƙera daga 1993 zuwa 2002, inji mai silinda 6 da lita 3, wanda masu gyaran motocin gudu ke ji da shi saboda bulok ɗinsa na ƙarfen zubi yana jure ƙari. Faɗin kowace silinda milimita 86 ne, wato fili kimanin santimita murabba'i 58. Idan iskar da ta kama wuta a ciki ta kai matsin bar 100, abin da ba baƙo ba ne a inji mai turbo, to kusan tan 6 ke tunkuɗa kulas sama a kan silinda guda. Tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗan abu take sha, abin da masu faci ke kira kilo biyu. Kuma idan inji yana juyi 6000 a minti, kowace silinda tana yin wannan bugu sau 50 a sakan guda.

Bulon 14 ke riƙe da kulas ɗin wannan inji. Kamfani ya lissafa su ne a kan ƙarfin da ya fitar da motar, tsakanin doki 280 da 330 gwargwadon ƙasar da aka kai ta. Masu ƙari kuwa sukan sa babban turbo su kai shi doki 600, 800 ko fiye. Ranar da bugun ya rinjayi matsin, kulas yakan ɗaga da abin da bai kai kaurin gashi ba, wuta ta sami kafa, ta ci bakin juwan, ta kutsa cikin hanyar ruwa.

Ƙarfe ma yana miƙewa

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, har da wasu masu riƙe da kile kullum, shi ne bulon yana riƙe kaya ne saboda ya miƙe. Wanda ya taɓa ɗaure buhu a bayan babur da roba ya san dabarar. Robar da ba a ja ba, ba ta riƙe komai. Wadda aka ja daidai tana neman komawa yadda take, wannan neman komawar ne ke danne buhun. Wadda aka ja fiye da kima kuma ta saki jiki, ko ba ta tsinke ba ta gama aiki. Ƙarfe haka yake, sai dai ido ba ya ganin miƙewarsa. Sandar ƙarfe mai tsawon santimita 15, idan aka ɗaure ta yadda ya kamata, takan ƙara tsawo da kimanin rabin milimita. Duk nauyin da ke danne juwan cikin wannan rabin milimita yake.

Motocin zamani da yawa suna zuwa da bulon ɗin da ake ɗaurewa da kusurwa. A littattafan gyara na Toyota na injuna da dama, ana fara ɗaure bulon zuwa wani adadi da kilen awo, a ɗiga fenti a kansa, a juya shi digiri 90, wato rubu'in zagaye, sannan a sake zagayowa a ƙara wani digiri 90. Wannan juyi yana kai bulon bakin iyakar miƙewarsa, har ya ɗan ƙetare ta da gangan. Amfaninsa shi ne a wannan wuri duk bulon ɗin suna ba da matsi kusan iri ɗaya, abin da ke yi wa masana'anta daɗi idan tana haɗa dubban injuna. Amma bulon ɗin da ya ƙetare iyaka ba ya komawa tsawonsa na farko, shi ya sa wasu kamfanoni ke cewa a jefar da shi bayan kwancewa ɗaya, Toyota kuma ke cewa a auna shi kafin a mayar. Sannan ba shi da sauran ajiya: idan bugun silinda ya ninka, sai ya ƙara miƙewa, ya saki.

Misalin da ya fi shahara ba a motar tsere ma ya faru ba. Daga 2003 zuwa 2007 kamfanin Ford ya sa injin gazuwal mai lita 6 da ake kira Power Stroke, wanda Navistar ya ƙera masa, a manyan motocinsa na ɗaukar kaya a Amurka. Injin da ya gabace shi, mai lita 7,3, yana da bulon 6 kewaye da kowace silinda. Sabon kuwa 4 kacal, manyan bulon 10 a kowane kulas, irin masu ƙetare iyakar nan. Waɗanda suka sa wa motar na'urar ƙara ƙarfi suka riƙa jan tirela mai nauyi sai juwan ya dinga ƙonewa, har sa gujon ya zama sana'a mai cin gashin kanta a garejojin ƙasar. Aikin ba ƙarami ba ne. Saboda ƙuncin wuri, makanikai da yawa sukan ɗage kabin ɗin motar ɗungurungum daga kan shasi kafin su kai ga kulas.

Gujon sanda ce marar kai, mai haƙora a ƙasa da sama. Da haƙora ina nufin tsagin nan mai zagaye da noti ke bi. Ƙasan yana shiga bulok ya zauna, ba ya sake motsi. Kulas ya sauko ta kansa, a sa rondel, a ɗaure noti. Bambancin da bulon a nan yake. Bulon ana murɗa shi ne tun daga kai har cikin bulok, yana miƙewa yana murɗewa lokaci guda, yana kuma cin haƙoran bulok duk lokacin da aka kwance aka ɗaure. Gujon kuwa kusan ja kawai yake sha, juyin yana faruwa ne a sama tsakanin noti da ƙananan haƙora da aka yi da ƙarfe mai kyau. Motar tsere da ake buɗe injinta sau da yawa a shekara tana morar wannan ƙwarai.

Sunan da ya fi yawo a wannan kasuwa shi ne ARP, kamfanin jihar Kalifoniya da aka kafa a 1968. Makanikai sun san lambobin da ake bugawa a kan bulon: 8.8, 10.9, 12.9. Mai 10.9 yana jure ja kimanin megafaskal 1000 kafin ya tsinke, mai 12.9 kimanin 1200. Ƙarfen da kamfanin ke kira ARP2000 yana kai wajen 1500, wanda ake kira Custom Age 625+ kuma wajen 1800. Akwai ma wani mai suna L19 da ke da ƙarfi sosai amma ba ya shiri da danshi, har ana ba da shawarar kada a riƙe shi da hannu mai gumi, abin da mai aiki a rumfar kwano a watan Mayu zai ji ya yi murmushi.

Sai dai a kula da wani abu da ƴan talla ba su cika faɗa ba. Ƙarafan nan duka, mai tsada da mai araha, idan kaurinsu ɗaya ne, kusan miƙewa ɗaya suke yi a ƙarƙashin nauyi ɗaya. Fifikon mai tsada shi ne iyakarsa tana da nisa, ana iya jansa sosai bai saki jiki ba. Wanda ya sayi gujon mai megafaskal 1500 ya ɗaure shi sako-sako bai ƙaru da komai ba face ramin aljihu.

Abin da kilen awo ke aunawa

Hanya mafi inganci ta sanin ko ƙarfe ya miƙe daidai ita ce a auna tsawonsa kafin ɗauri da bayan ɗauri. Haka ake yi wa bulon ɗin biyel a injunan tsere, domin ana iya kama shi ta kai da ta gindi. Gujon na kulas kuwa gindinsa a binne yake cikin bulok, ba a kai wa gare shi. Dole aka koma ga kilen awo, clé dynamométrique da Faransanci, wanda ake taƙaitawa kile dinamo.

Shi wannan kile ƙarfin murɗi kawai yake aunawa, wato yadda noti ke turjewa idan ana juya shi. Ana lissafa shi da niyuton-mita, a rubuce N.m, N.m 10 kusan daidai yake da kilo 1 rataye a ƙarshen sanda mai tsawon mita 1. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa daga cikin ƙarfin da hannu ke sa wa kile, kusan rabi yana ƙarewa wajen gogayya tsakanin gindin noti da rondel, kimanin kashi 40 cikin 100 wajen gogayyar haƙora, abin da ya rage don miƙa ƙarfen bai fi kashi 10 cikin 100 ba. Ma'ana, duk abin da ya ɗan taɓa gogayya, ko tsatsa, ko ƙura, ko irin man da aka shafa, zai sauya matsin da yawa, alhali kile yana nuna adadi ɗaya.

Lissafin ba shi da wuya. Matsi shi ne ƙarfin murɗi a raba shi da kaurin sanda da kuma wata lamba ta gogayya. Ga busasshen ƙarfe lambar tana wajen 0,20. Da giris mai santsi sosai tana iya sauka wajen 0,12. A ɗauki gujon mai kaurin milimita 12 a ɗaure shi N.m 120. A bushe zai danne kulas da kimanin tan 5. Da giris ɗin, kile ɗaya, hannu ɗaya, adadi ɗaya, zai danne shi da kimanin tan 8 da rabi. Idan takarda ta lissafa adadin a kan giris aka ɗaure a bushe, juwan bai sami matsin da yake bukata ba. Idan ta lissafa a kan man inji aka shafa giris mai santsi, ƙarfen zai iya wuce iyaka, ko haƙoran bulok su tsige. Shi ya sa tsofaffin takardun ARP sukan ba da adadi biyu, babba ga mai aiki da man inji, ƙarami ga mai aiki da giris ɗinsu, yanzu kuma kamfanin ke sako ɗan ƙunshin giris nasa mai suna Ultra-Torque a cikin kwali, ya ɗora adadin a kansa.

Saboda haka adadin da ke cikin takardar gujon da giris ɗin da ta ambata tare suke tafiya, ba a raba su. Adadin littafin mota kuma, da digiri 90 ɗinsa sau biyu, na bulon ɗin kamfani ne. Wanda ya ɗora shi a kan gujon mai ƙananan haƙora ya shiga caca. Abu ɗaya kawai ake ɗaukowa daga littafin mota: jerin da ake bi, wane noti ne na farko, wane ne na ƙarshe.

Yadda aikin ke tafiya

Rabin aikin shara ce. Ramukan bulok sukan tara tsatsa, tsohon mai da ɓurɓushin juwan. Ana bin kowane rami da ƙarfen share haƙora, kuma a bambanta shi da taro mai yanka sababbin haƙora, domin mai yankan yana rage naman ƙarfe ya bar ramin da sako-sako. Daga nan a hura iska a tabbatar ramin ya bushe. Ruwa ko mai da ya kwanta a gindin rami ba ya matsuwa. Idan aka tura ƙarfe a kansa da ƙarfi yana iya tsaga bulok, kuma tsagin bulok ba shi da gyara mai araha. A wasu injuna, kamar tsofaffin V8 na Chevrolet, ramukan suna ɓullewa cikin hanyar ruwa, dole a shafa wa haƙoran ƙasa man toshe yoyo, in ba haka ba ruwa zai bi gujon ya hau sama.

A nan yanayinmu yana da tasa magana. Garejin da ke fili, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura, ba wurin buɗe giris ba ne. Yashi kaɗan a haƙoran noti ɗaya ya isa ya sa kile ya yi ƙara kafin lokaci, wannan noti ya zauna da rabin matsin ƴan uwansa. A jiƙa ƙasa, a rufe kaya da tsumma mai tsabta, a buɗe noti ɗaya bayan ɗaya.

Gujon kansa da yatsu ake shigar da shi. Ramin kile alen da ke kansa don sauƙin sawa da cirewa aka yi shi, kamfanin ma ya faɗi haka a takardarsa. A juya har ya zauna, a tsaya. Wannan yana yi wa aparanti wuyar yarda, domin an koya masa cewa duk abin da bai ɗaure da ƙarfi ba zai kwance. Amma gujon da aka danna gindin rami da ƙarfi yana zama kamar tsinken da aka buga cikin itace, yana buɗa ƙarfen da ke kewaye da shi, kusa da bangon silinda. Ƙarfin riƙonsa zai zo ne idan noti ya ja shi daga sama.

Sai a shimfiɗa juwan ta fuskar da aka rubuta, a sauko da kulas a hankali. A shafa giris a haƙoran sama da gindin noti. Game da rondel, masu haɗa injuna da yawa suna barin fuskarsa ta ƙasa a bushe don kada ya riƙa juyawa tare da noti a kan alminiyon, domin rondel mai juyawa yana rage gogayya ya sa a wuce adadi ba a sani ba. Takardar da ta zo da kayan ita ce alƙali a nan.

Ɗaurin yana farawa daga tsakiyar kulas yana zagayawa zuwa gefe, kamar yadda ake shimfiɗa tabarma a kore kumburi zuwa baki. Kuma hawa uku ake yi. Na injin Ford ɗin nan, takardar ARP ta ce a kai fam-ƙafa 210 a matakai uku daidai, wato 70, sai 140, sai 210, kowane mataki a zagaye notunan duka bisa jeri kafin a ƙara. Wanda ya kai noti ɗaya ƙarshe alhali sauran suna sake, ya lanƙwasa kulas da hannunsa.

Fam-ƙafa ɗin nan tarko ne ga mutanenmu. Awon Amurka ne, a rubuce ft-lb, kuma 1 nasa daidai yake da N.m 1,356. Littattafan gyara na Faransa da makanikanmu suka tashi da su kuwa daN.m ko m.kg suke rubutawa, inda 1 yake daidai da N.m 10 ko kusa da haka. Fam-ƙafa 210 ya kama N.m 285, wato daN.m 28,5. Wanda ya ga 210 a takarda ya saita kilensa a 210 na layin N.m ya zubar da rubu'in matsin tun kafin a tada inji. Wanda ya yi kuskuren ta ɗaya gefen ya ƙara fiye da kashi ɗaya cikin uku. Kile da yawa suna da layi biyu a jikinsu, ɗaya a kowace fuska, a duba da kyau.

Jan ƙarshe yana son hannu mai natsuwa. A kama kile a mariƙinsa, a ja a hankali ba tare da tsayawa ba har ya yi ƙas, a saki. Noti da ya tsaya yana bukatar ƙarfi kafin ya sake motsi fiye da wanda ke cikin tafiya, don haka idan hannu ya tsaya dab da adadi, kile zai yi ƙara a kan noti da bai kai ba. In haka ta faru, a ɗan sassauta shi a sake ja a tafiya ɗaya. Ƙara masa ƙas na biyu da na uku don neman tabbaci ƙari ne a kan adadi. Kilen iska da bututun da ake zurawa a ƙara tsawon hannu ba su da wuri a wannan aiki. Ina girmama hannun tsofaffin makanikanmu, waɗanda ke jin ciwon inji da kunne tun daga bakin titi, amma babu hannun da ke bambanta tan 6 da tan 8 a noti 14 a jere.

Kilen ma yana tsufa. Mai kyau yana da kuskuren kashi 4 cikin 100 sama ko ƙasa, ƙa'idar ISO 6789 kuma ta tanadi a gwada shi bayan shekara ɗaya ko ja 5000. Wanda aka bari a saite a babban adadi wata da watanni, ko aka riƙa kwance notin taya da shi, resor ɗinsa ya gaji. Gwajin gida yana yiwuwa: a kama bakinsa a maƙalar teburi, a rataya nauyin da aka sani a tazarar da aka auna, a ga ko zai yi ƙara inda lissafi ya ce.

Abin da gujon ba ya gyarawa

Kulas ɗin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa don an ƙara masa matsi. Ana ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a zura ma'aunin tazara a ƙarƙashi, tsaye da kwance da kusurwa zuwa kusurwa. A injuna da yawa abin da littafi ya yarda da shi bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba. Fuskar bulok ma haka. Juwan na zamani mai faifan ƙarfe hawa-hawa, wanda ake so a injunan turbo, yana bukatar fuska mai santsi ƙwarai. Gogewar da tsohon juwan mai laushi zai rufa wa asiri, shi zai tona ta.

Zafi ma yana nan da ƙarfinsa. Alminiyon yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka duk lokacin da inji ya ɗumama, kulas yana ƙara jan gujon da kansa. A zafin aiki an lissafa da haka. Idan inji ya tafasa kuwa, alminiyon yana laushi, rondel ya nutse a cikinsa, juwan ya murƙushe, in an huce matsin ya tafi. A injin da bulok ɗinsa ma alminiyon ne, kamar M54 na BMW, haƙoran ramukan sukan tsige bayan tafasa, sai an dasa musu sababbi na ƙarfe. Ƙarin matsi yana kuma ɗan ɓata da'irar silinda, shi ya sa masu haɗa injin tsere ke ɗaure wani farantin ƙarfe mai kauri a madadin kulas, da gujon ɗin da za a yi aiki da su, kafin su goge cikin silinda.

Sai mai. Injin turbo da aka ƙara wa iska yana son isansi mai lambar oktan babba. Idan ya sha wanda bai kai ba, wuta tana fashewa ba bisa tsari ba, fiston ya riƙa ƙwanƙwasa, matsin silinda ya yi tsalle fiye da duk lissafi. Wanda zai sa wa irin wannan inji man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, da ba a san da me aka gauraya shi ba, gujon zai riƙe kulas, bugun ya sauka a kan fiston da biyel. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

A ganina mafi yawan motocin da ke yawo tsakanin Yamai, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram ba su bukatar gujon. Sababbin bulon na asali, kulas da aka daidaita, radiyata mai tsabta da kilen awo mai gaskiya sun ishe su. Wanda maganar ta shafa shi ne mai ƙara wa turbo iska, ko mai ɗora turbo a kan injin da aka ƙera babu shi, kamar 1HZ na Land Cruiser mai lita 4,2, abin da ake yawan yi a Ostareliya. Shi ma ya sani jabu sun cika kasuwa, har ARP ya sha gargaɗi a kansu, kuma ido ba ya gane ƙarfen da aka gasa daidai da wanda aka yi wa baƙin fenti kawai.

Saura tambayar da tsofaffin direbobi za su yi: a sake ɗauri bayan an yi tafiya? Waɗanda suka riƙe Peugeot 404 da 504 sun saba komawa gareji bayan kilomita 1000 a sake ɗaure kulas, domin juwan na wancan zamani yana lotsawa. Juwan mai faifan ƙarfe ba ya lotsawa haka, yawanci ba a sake taɓa shi, sai in mai ƙera shi ya ce a yi. Idan za a yi, sai inji ya huce sarai, a bi jeri, a ɗan sassauta noti ɗaya a mayar da shi adadinsa kafin a taɓa na gaba. Bulon mai digiri 90 kuwa ba a sake masa ɗauri ko kaɗan.

Bayan an tada inji, a bar shi ya ɗumama ya huce sau biyu ko uku kafin a taka shi da ƙarfi. Ranar da aka fara taka shi, a duba robar ajiyar ruwan radiyata ko ta yi amai. A bar motar ta kwana, da safe kafin a tada ta a matsa babban tiyon radiyata da hannu. Ya kamata ya yi laushi. Idan ya yi tauri kamar an hura masa iska, ruwa kuma yana raguwa babu yoyo a ƙasa, a kai ta a gwada ko hayaƙin silinda yana shiga ruwa, kafin a sake hawa babbar hanya da ita.